Kada a Juye Jarka

Yawancinmu a wannan yanki 'ya'yan manoma ne. Masara, dawa, auduga da waken soya mun san su tun muna goye. Kifi ne baƙo a hannunmu. Amma a 'yan shekarun nan, daga Funtua zuwa Bakori har Malumfashi, matasa da dama sun kafa tankin siminti ko na tamfol a bayan gida suna kiwon tarwaɗa, kuma zumuntarmu ma ta haɗa kuɗi za ta gwada. Shi ya sa muka zauna da masu sana'ar muka tambaye su: a ina aka fi yin asara? Mun zaci za su ce cuta, ko tsadar abinci. Suka ce a'a, ranar ƙaura ce. Ranar da aka ɗauko 'ya'yan kifi daga inda aka ƙyanƙyashe su zuwa sabon gidansu.

Shirin yana farawa tun kafin a tashi. Kwana ɗaya kafin tafiya ba a ba su abinci, domin kifin da cikinsa ya cika a cikin jarka zai yi kashi, ruwan ya ɓaci, ya koma musu guba. Ana tafiya da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana ba. Jarkar a yanke samanta, kada a cika ta da ruwa, kada kuma a cunkusa su don rowar kuɗin mota, gama tarwaɗa takan taso sama ta shaƙi iska. Wannan baiwar ce ta sa take jure tafiyar da karfasa ba za ta jure ba sai an hura mata iska a leda. Wasu kan ɗiga ɗan manja a ruwan don ya kwantar da kumfa. Wanda ya san hanyarmu, da ramukanta da tsaye-tsayen shingaye, ya san tafiyar sa'a ɗaya takan zama biyu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne abin da ake yi bayan an iso.

Mutum ya gaji, ya ga tankinsa cike da ruwa mai kyau, hannunsa na ƙaiƙayi ya juye jarkar ya huta. Masu kiwo suka ce nan ne ake kashe su. Ruwan jarka ya ɗumama a hanya, na tanki kuwa ya kwana yana shan sanyi, balle da hunturu, kuma kowa ya san sanyin Funtua. Jikin kifi ba ya riƙe ɗuminsa kamar namu, yanayin ruwan da yake ciki shi ne yanayinsa. In aka jefa shi farat ɗaya, ba lallai ya mutu nan take ba. Sai bayan kwana biyu ko uku a ga suna rataye a saman ruwa, sun ƙi abinci, ana kwashe gawa ana zargin wanda ya sayar. Abin da ake yi shi ne a sa jarkar a cikin tankin ta yi kamar rabin sa'a, ana ɗebo ruwan tanki kaɗan-kaɗan ana zubawa a ciki, har ruwan biyu su saba. Sannan a karkata bakinta, a bar su su fita da kansu. Ranar ba a ba su abinci, sai gobe. Sabon tankin siminti kuma ba a sa kifi a ciki sai an jiƙa shi an zubar sau da yawa, don kaifin siminti yana ƙona su. A kuma ware manya da ƙanana, domin tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta.

Muna jin wannan bayani, tunaninmu ya tafi kujerun baya na majami'a. A shekarun nan iyalai da yawa sun baro ƙauyuka ta wajen Faskari, Sabuwa da Ɗandume saboda 'yan bindiga, sun shigo gari da abin da hannu ya iya ɗauka. A cikinsu akwai 'yan'uwanmu. Yarinyar da a ƙauyensu ita ce mai ba da waƙa, a nan ta tarar ana rabin sujada da Turanci, tana zaune shiru da zane ɗaya da take maimaitawa kowace Lahadi. Mukan ce baƙi su miƙe, mu tafa musu, mu rera musu waƙar maraba, shi ke nan. Wannan juye jarka ne. Ba ranar take ɓacewa ba. Sai bayan wata biyu wani ya ce, ina yarinyar nan kuwa? Sai a ce ai dama ba ta da ƙwazo.

Namu ma suna fita. Kowace shekara muna sallamar waɗanda suka sami Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da masu tafiya koyon sana'a Kano ko Kaduna, da addu'a da 'yar leda ta gari. Wa ke jiransu a can?

Mutum ba kifi ba ne, kuma Ruhu Mai Tsarki yana riƙe nasa a inda hannunmu bai kai ba. Amma ku duba Ayyukan Manzanni sura 9. Shawulu ya ga Ubangiji a hanyar Dimashƙu, an yi masa baftisma, duk da haka da ya iso Urushalima almajirai tsoronsa suke ji. Sai da Barnaba ya kama shi ya kai shi wurin manzanni, ya ba da labarinsa da bakinsa. Shi kuma Bulus bai manta ba: a Romawa sura 16, kafin ya gai da kowa, sai da ya gabatar da Fibi ta ikilisiyar Kankiriya, ya roƙi a karɓe ta a kuma taimake ta. Ikilisiyar farko ba ta aika mutum haka kawai ba, takan haɗa shi da takarda.

Don haka ga abin da muka shirya da shugabannin zumunta. Duk wanda zai bar gari bana, ya ba sakatare sunansa da inda za shi, za mu rubuta wa faston can, mu kuma nemo masa mutum ɗaya da zai je tasha. Baƙin da ke cikinmu kuwa, kada a ɗora musu aiki a makon farko, kada kuma a sa su ba da shaidar abin da ya koro su a gaban jama'a. Wanda ya ga abin da wasunsu suka gani, shi zai zaɓi ranar da zai yi magana. A je gidan da suka sauka. A zauna kusa da su, a buɗe musu littafin waƙoƙi na Hausa, a yi haka har wata uku.

Kifinmu kuma ranar Asabar za a ɗauko. Masu zuwa su hallara a majami'a da ƙarfe biyar da rabi na asuba, kowa da jarkarsa a wanke, wadda ba a taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki ba.