SHA-KAUCI A GONAKIN DAMBATTA

Wanda ya bi hanyar Daura daga Kano da rani, kafin ya kai Dambatta zai ga ƙasa wadda ba ta da daji ko kaɗan. Gona na bin gona, gida na hangen gida. Amma manoma sun bar itatuwa a tsaye cikin gonakin: gawo, ɗorawa, kuka, tsamiya da rimi. A kan rassansu ne kauci yake tsirowa, a nan kuwa muke samun ɗan tsuntsun da ake kira sha-kauci. Bakinsa siriri ne, mai lanƙwasa. Wani irinsu, namijin kore ne mai ƙyalli, cikinsa rawaya, da dogayen gashi biyu a wutsiya.

Ruwan fure shi ne abincinsa, da ƙananan ƙwari. In ya soka baki cikin furen kauci, sai furen ya buɗe farat ɗaya, ya baɗa masa gari a ka. Shi kuwa ya kai garin ga wani fure, ta haka itacen yake yin 'ya'ya.

A nahiyar Amurka akwai wasu tsuntsaye masu irin wannan aiki, iri fiye da 300, waɗanda ba a samunsu a Afirka. Suna iya tsayawa cik a iska, har su tashi da baya. Mutanen can sukan rataye musu kwalaben ruwan sukari a bayan gida, haka kuma ake yi wa sha-kauci a Afirka ta Kudu.

Mu ma muna iya gwadawa. A dama farin sukari awo 1 cikin ruwa awo 4, a zuba a ƙaramin kasko, a rataye a inuwa inda kyanwa ba ta kaiwa. Kada a sa zuma ko launi. A wanke kaskon a sake ruwan kowace safiya, gama zafinmu yakan sa ya yi tsami, ruwan da ya lalace kuwa cuta ne ga tsuntsu.

Amma kasko ba ya maye gurbin itace. Kowane gawon da aka sare domin itacen girki, an rushe rumbun tsuntsaye ke nan. Iyaye, mu hana yara harbinsu da danƙo, kowane gida kuma ya dasa itace ɗaya a daminar bana, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki.