Muryar uwa a bakin Margaret Cho

Ɗan kama idan ya tsaya a bainar jama'a, galibin barkwancinsa a kan ciki yake: tuwo da miya da kwaɗayin da ba ya ƙarewa. Mutane su yi dariya su watse, ba mai tambayar abin da shi ya kwana da shi a ciki. A Amurka ma akwai sana'a mai kama da wannan, inda mutum guda yake hawa dandamali ba ganga, ba abokin wasa, sai bakinsa. Margaret Cho tana cikin fitattun masu wannan sana'a, kuma yunwar da ta ɗora wa kanta ta kusa yin ajalinta.

An haife ta a San Faransisko a 1968. Iyayenta baƙi ne daga Koriya, suna da kantin littattafai, mahaifinta kuma marubucin littattafan barkwanci ne da harshen Koriya. Tun tana budurwa ta fara ba da dariya a gidajen wasa. A 1994 tashar talabijin ta ABC ta ba ta shirin kanta, All-American Girl, labarin wani iyali na Koriyawan Amurka, abin da ba a saba gani ba a lokacin.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar ce masu shirin suka fara ƙi. Suka ce ta cika faɗi, sai ta rame kafin ta taka rawar da aka rubuta a kan rayuwarta. Ta zubar da kusan kilo 14 cikin mako biyu, ƙodarta ta kasa, aka kwantar da ita a asibiti. Daga jiki aka koma kan ɗabi'a: aka ɗauko mai ba da shawara don ya koya mata zama ƴar Asiya, daga baya kuma aka ce Asiyancin ya yi yawa. A 1995 aka soke shirin bayan fitowa 19. Ta faɗa shan giya da ƙwayoyi, da tarayya da samarin da ba su ƙara mata komai ba sai ƙin kanta.

A 1999 ta dawo dandamali da wasan I'm the One That I Want, ta zayyana wannan wulaƙanci duka da bakinta. Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe a wasan shi ne muryar mahaifiyarta. Cho takan murtuke fuska, ta kira kanta da sunanta na gida, Moran, ta shiga Ingilishin da harshen Koriya ya lanƙwasa. A harshen Koriya babu sautin f da v, kuma r da l ƙwayar sauti ɗaya ce, don haka Ingilishin baƙi daga can yana da alamar da ake gane shi da ita. Da wannan alama aka daɗe ana yi wa ƴan Asiya ba'a a Amurka. A 2004 masaniyar harshe Elaine Chun ta yi nazari a mujallar Pragmatics kan wannan kwaikwayo, da tambayar wa yake da izinin yin sa. Duk wanda aka taɓa yi wa dariya saboda karin harshen garinsu, ko don Faransancinsa ya ɗauko ƙamshin Hausa, ya san nauyin tambayar. A bakin Cho, uwar mai gurguwar Ingilishi ita ce mai wayo da tausayi, ita ke faɗin gaskiyar da masu Ingilishi mai santsi suka kasa faɗa. Karin da ake raina mutane da shi ya zama inda ƴa ta koma ta fake.

Amma iya ba da labarin ciwo daban yake da warkewa. Cho ta yi aure a 2003, suka rabu da mijin a 2014. Shaye-shaye ya dawo, alhali tana cika ɗakunan wasa da dariya. A 2016 abokanta suka taru suka tsare ta, suka kai ta gidan jinyar masu shaye-shaye, inda ta zauna fiye da shekara guda. A can ba tafi, ba ƴan kallo, sai mutanen da ke sauraro ba tare da jiran abin dariya a ƙarshen jimla ba.

Ta fito ta koma sana'arta, tana maganar jiki da abinci da shaye-shaye a fili. Harshe ya mayar mata da labarinta daga hannun waɗanda suka so su rage mata fuska. Ranta kuwa, sai da wasu suka ƙi yin dariya sannan ya tsira.