Tumbin Malam da Harajin Gwamnati

A zangon karatu da ya wuce, wani abokin aikinmu ya faɗi a gaban allo da alli a hannunsa. Bai kai shekara hamsin ba, yana da 'ya'ya biyar. A asibiti aka ce hawan jini ne da ciwon sukari, ɓarin jikinsa na dama kuwa ya shanye. Mutum ne mai jiki, kullum muna yi masa kirari da "Manya".

Bayan mako biyu wata ma'aikaciyar jinya daga zumuntar mata ta zo makaranta da ma'auni, ta ce za ta auna malamai kyauta. Muka yi layi, kowa yana zolayar tumbin ɗan'uwansa. Ta ce a ɗauki nauyin mutum a kilo, a raba da tsayinsa a mita, a sāke rabawa da tsayin. In amsa ta kai 25, nauyi ya fara yawa. In ta kai 30, ƙiba ce mai jawo ciwo. Mai tsayin mita 1.7 da ya kai kilo 87 ya shiga ke nan. Mu da muke koyar da lissafi ba mu bukaci a maimaita mana ba. Da dama cikinmu mun shiga, har da mai rubutun nan.

Ranar nan gardama ta kaure a ɗakin malamai. Waɗansu suka ce laifin gwamnati ne, gama ita ta bar kamfanoni suna cika gari da kayan zaƙi. Waɗansu suka ce a'a, ba wanda ya taɓa ɗura wa wani lemo dole, kowa ya kama bakinsa. Mai karatu ya san irin gardamar nan, ba ta ƙarewa sai an buga ƙararrawa.

Bari mu fara ba masu kuka da gwamnati gaskiyarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba, kuma daga 1990 zuwa lokacin abin ya ninka fiye da sau biyu a cikin manya. Ba mu yarda cewa mutanen duniya duka sun zama ragwaye a cikin shekara talatin ba. Abin da ke kewaye da su ne ya sāke. Iyayenmu sun yi noma, sun yi daka, sun je kasuwa a ƙafa. Mu kuwa babur ke kai mu har ƙofar aji. Lebura da ya sayi burodi da lemon kwalba da rana ba kwaɗayi ya sa shi ba, abin da kuɗinsa ya kai ke nan, shi ne kuma a kusa.

Akwai ƙasashen da hukuma ta sa hannu. Meziko ta ɗora harajin peso ɗaya a kan kowace lita ta abin sha mai sukari a 2014, sayensa kuwa ya ragu da kamar kashi 6 cikin ɗari a shekarar farko. Ingila ta yi dabarar da ta fi burge mu a 2018. Ta ɗora harajin a kan kamfanoni bisa ga yawan sukarin da suka zuba, wanda bai kai giram 5 a mililita 100 ba kuwa ba ya biyan kome. Kamfanoni da yawa suka rage sukari tun doka ba ta fara aiki ba, don gudun biya. Ƙasar Chile tun 2016 ta sa a manna baƙin tambari a gaban kwalin abincin da sukari ko gishiri ko kitse ya yi wa yawa, ta kuma hana sayar da irinsa a makarantu.

Mu a Nijeriya, a 2022 aka fara karɓar naira 10 a kan lita. Wato naira 5 ke nan a kwalba mai rabin lita. Wa ya taɓa fasa shan lemo saboda naira biyar? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara haraji ya ɗaga farashi da kashi 20 cikin ɗari ko fiye kafin a ga amfaninsa sosai. A ganinmu namu ya yi kaɗan ƙwarai, kuma da an zuba abin da aka tara a ƙananan asibitoci, inda talaka zai auna jininsa, da mun fi murna.

Amma Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ma'aikaciyar jinyar nan ta gaya mana cewa kada sukarin da babba zai sha a yini ya wuce giram 50, kamar ƙaramin cokali 12, rabin haka ma ya fi. Kwalba ɗaya mai rabin lita tana iya cinye wannan duka. To, wace doka ce za ta shiga gidanmu da asuba ta ƙirga cokalin da muke zuba wa shayi? Wane ɗan majalisa ne ya ce bikin aure ko Kirsimeti bai cika ba sai an jibge akwatunan lemo? Zoɓo da kunun da matanmu ke damawa ba su biyan haraji, amma wani lokaci zaƙinsu ya fi na kanti.

Akwai kuma abin da bakinmu ke yi. In mutum ya yi tumbi mu ce ya samu. In amarya ta rame mu ce miji ba ya ciyar da ita. Saboda irin maganganun nan 'yan mata suke sayen ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Waɗansunsu magungunan asibiti ne masu ƙarfi, suna kumbura fuska, suna ta da sukari da jini. Hana sayar da su barkatai aikin hukuma ne, babu shakka. Amma mu muka sa yarinyar ta ji kunyar jikinta. Haka kuma ba daidai ba ne mu juya mu riƙa yi wa mai ƙiba ba'a, gama wani gādo ya yi, wani kuwa ciwo ne ko magani ya kawo masa.

Muna cikin gardamar sai wata malama ta nuna taga. An tashi tara, yara sun yi dafifi a bakin ƙofa wajen masu alewa da biskit da lemon roba. Ta ce, "Ku da kuke neman gwamnati, a ƙofar nan wace ce gwamnati in ba mu ba?" Ba wanda ya amsa. Abin da Chile ta yi da doka, mu hedimasta da taron iyaye sun isa su yi shi.

Abin bai zo da sauƙi ba. Biyu daga cikin masu tallan gwauraye ne, da cinikin nan suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Ga shi kuma a aji ɗaya muna da yaron da ya yi ƙiba da wanda ya zo bai karya ba, wannan na biyu kuwa abinci yake bukata, ba wa'azi ba. A taron iyaye wani uba ya tashi ya ce kuɗinsa ne, ɗansa ne, ina ruwan malamai? Aka daɗe ana ja. Daga baya aka shirya cewa ba za a kori kowa ba, sai dai a daina kawo lemo, a kawo gyaɗa da alale da dafaffen ƙwai da gwaiba ko mangwaro in lokacinsu ya yi. Makaranta ta ajiye randuna biyu na ruwan sha, muka kuma maido da awar wasanni da dā muke cinyewa da darasin jarrabawa.

Har yanzu manyan yara suna zagawa kanti bayan an tashi, ɗaya daga cikin gwaurayen kuma tana kukan ciniki ya ragu. Mu kanmu mun koma zuwa aiki a ƙafa kwana uku a mako, shayi kuwa cokali ɗaya, ko da yake uwargida ta kama mu sau biyu muna ƙarawa. Ran Lahadi mun je gai da Manya. Ya fara takawa da sanda, yana koyon riƙe alli da hagu.