Hanyar Bakan Gizo da Titin Kano zuwa Daura

A wannan makon bangon namu ya ɗauko batun da ba a cika kai shi gaban malamai ba, wato wasan gem. Mun san wasu daga cikin iyayenmu malamai za su ɗaure fuska tun daga jin sunan. Muna roƙon a yi mana uzuri a karanta har ƙasa, domin a cikin waya zancen zai fara, amma a bakin titi zai tsaya.

Akwai wani wasan tseren ƙananan motoci mai suna Mario Kart. Motocin 'yan mitsi-mitsi ne, ba rufi ba ƙofa, direba na zaune kusa da ƙasa kamar wanda ya hau kujera 'yar tsugunno. Kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a ƙasar Japan ne ya yi shi. An kafa kamfanin tun 1889, kuma da katin karta ya fara kafin ya koma kan na'ura. Wasan farko ya fito a Japan ranar 27 ga Agusta, 1992, wato ranar da Jihar Jigawa ta cika shekara ɗaya cif da kafuwa. Ke nan jiharmu yayarsa ce, shekara guda ta ba shi. A nan Kazaure ƙwallo ce ta fi kasuwa a gidajen gem, shi ya sa yawancinmu a waya muka haɗu da wannan tsere, ko a kwamfutar yayyenmu da ke karatu a Poli. Mata da maza duk muna taɓawa a lokacin hutu.

A cikin hanyoyin tseren akwai guda ɗaya da ta fi kowace suna. Masu wasan suna ce mata Rainbow Road, mu kuma muka raɗa mata Hanyar Bakan Gizo. Ita ake ajiyewa a ƙarshen gasa, kamar yadda malami ke ajiye tambaya mai wuya a ƙarshen takarda. An shimfiɗa ta a sararin samaniya, launi-launi, ƙarƙashinta babu komai sai baƙin duhu da taurari. A wasan 1992 ko shinge ɗaya ba ta da shi, dama da hagu. Ga kwanoni masu kaifi, ga wasu manyan duwatsu da ke faɗowa daga sama su danne mota. Idan taya ta goce kaɗan, sai dai ka ga motarka tana lulawa ƙasa. Daga baya an yi ta sake mata kama. Ta 1996 an sa mata shinge, aka kuma ja ta ta fi kowace hanya a wasan tsawo. Ta 2008 an rataye ta a saman duniyarmu, wanda ya faɗo sai ya kama da wuta kamar tauraro mai wutsiya. Ta 2011 har kan wata take bi.

Duk wanda ya hau ta karon farko abu ɗaya yake yi: ya danne totur ya ƙi ɗagawa. Kuma sakamako ɗaya yake samu: ya faɗa a kwanar farko, ya faɗa a ta biyu, ya ƙare a na ƙarshe 'yan kallo suna yi masa dariya. Sai an sha faɗuwa ake gane cewa hanyar ba ta son mai gaggawa. Gwanayen da muka sani a cikinmu ba su fi kowa ƙarfin yatsa ba. Abin da suka fi mu shi ne sun haddace hanyar kamar karatun allo. Sun san bayan wannan miƙaƙƙen wuri akwai kwana ta hagu, don haka tun kafin su gan ta sun sassauta. Sun san inda hanya ta tsuke, sun san inda ake yawan zubar da ɓawon ayaba don na baya ya zame. Idonsu ba ya kan hancin motarsu, yana can gaba inda za su isa nan da daƙiƙa biyu. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma a wannan hanya muka ga ma'anar maganar ƙiri-ƙiri: wanda ya faɗa sau ɗaya ya yi asarar lokacin da ya fi wanda zai ɓata in ya taka birki sau biyar.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Da yawanmu muna ƙanana mun ƙera motar kara da ta langa-langa, mun ja layi a kan rairayi bayan an ɗauke ruwan sama, mun gina gada da ɓawon rake, mun yi kwana a gindin bishiyar darbejiya. Mai jan layin ya san inda motar abokinsa za ta kife, domin shi ya sa kwanar a wurin da gangan. Haka ita ma Hanyar Bakan Gizo, mutane ne suka zauna suka zana ta. Shigeru Miyamoto ne ya jagoranci aikin wasan farko, tare da Hideki Konno da Tadashi Sugiyama. Burinsu shi ne mutum biyu su yi tsere a allo ɗaya, amma na'urar wancan zamani ba za ta iya ɗaukar dogayen hanyoyi ga mutum biyu ba. Sai suka yi gajerun hanyoyi masu yawan lanƙwasa, suka zaɓi ƙananan motocin da suka dace da su. Kowace kwana da ke ba mu wahala, wani ne ya auna ta ya ajiye.

To amma ga abin da ya sa muka ɗauko wannan batu. Waɗanda suka zana hanyar sun zana ta da tausayi a ɓoye. Idan ka faɗa, wani ɗan kunkuru mai suna Lakitu zai zo a kan gajimare da sandar kamun kifi, ya ƙugiyo ka, ya mayar da kai kan hanya. Ladansa 'yan sulalla ne da 'yan daƙiƙoƙi. Idan kana can baya, wasan zai riƙa ba ka makamai masu ƙarfi don ka kamo na gaba. Tun daga 1996 ma akwai wani shuɗin ƙoƙon kunkuru da ke zuwa ya sami na ɗaya. Idan duk abin ya ƙi, sai ka danna maɓalli a sake daga farko. Hanyar tana da ban tsoro a ido, amma ba ta taɓa karya wa kowa ƙafa ba.

Yanzu mu sauko ƙasa. Babban titin da ya taso daga Kano ya ratsa garinmu ya nufi Daura har iyakar Nijar ba shi da launin bakan gizo, ba ya ba kowa tsoro a ido. Kullum muna tsallaka shi, mun saba da shi kamar tsakar gidanmu. A kansa tirela ke wucewa da kaya, da tifar yashi, da motocin haya cike da fasinja, da a daidaita sahu, da amalanken shanu, da garken awaki. Haka hanyoyin da suka nufi Roni da Gwiwa da Babura, kowace da halinta: wata ta bi ta gefen duwatsu, wata rairayi ya kwanta a bakinta, wata damina ta ci gefenta. Babu wanda ya zana inda akuya za ta faɗo. Babu mai sandar kamun kifi a kan gajimare. Babu maɓallin sakewa daga farko.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, 'yan uwa: da yawa daga cikin yatsun da ke danna waya su ne ke murɗa totur ɗin babur da yamma. An aiki yaro kai niƙa ko sayo cefane, an miƙa masa makulli, shi ke nan ya zama direba. Ranar kai amarya ko yammacin sallah kuwa, kowa ya san abin da ke faruwa: a ɗaga kan babur, a saki hannu, a yi goyon uku ko huɗu, a yi ta zuba gudu ana ihu. 'Yan uwanmu mata ba su cika tuƙawa ba, amma su ake goyawa a baya, kuma in aka faɗi tare ake faɗuwa. Da wuya a sami ɗalibi a wannan makaranta da bai san wani sa'ansa da ya sha ɗori ba, ko wanda aka wuce da shi asibiti Kano cikin dare. Wasu gidajen kuma ta'aziyya aka je yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara. Ta kuma ce haɗarin hanya ne ya fi komai kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ku duba shekarun nan da kyau. Daga ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare har zuwa matasan malamanmu, duk muna ciki.

Darasin fiziks ya bayyana dalili, ko da yake a aji ba ma cika haɗa shi da babur ba. Babur mai gudun kilomita 60 a sa'a yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, wato kimanin tsawon aji biyu. Kafin idonka ya ga yaro ya faɗo titi, ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, ƙafa ta kai ga birki, daƙiƙa guda ta tafi, aji biyu sun wuce. Sannan in ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin ka tsaya ninkuwa take sau huɗu. Haka ma a kwana: ƙarfin riƙon da taya ke buƙata don kada ta zame yana ninkuwa sau huɗu in gudu ya ninku sau biyu. In kuma akwai rairayi a kwanar, riƙon ya ragu tun kafin ka iso. Wannan rairayin shi ne ɓawon ayabar hanyoyinmu, sai dai shi ba juyi biyu yake sa ka yi ka ci gaba ba.

Saboda haka muna da magana biyu, ɗaya ga malamanmu, ɗaya ga junanmu.

Malamanmu, mun yarda gem yana cin lokaci, yana cin kuɗin data da na caji, kuma wanda ya kwana a kansa zai yi gyangyaɗi a aji. A kan wannan ba mu da ja. Amma muna roƙon kada a yi masa kuɗin goro. Ɗalibin da ya iya Hanyar Bakan Gizo ya riga ya koyi abu uku da hannunsa: a duba nesa, a rage gudu kafin kwana ba a cikinta ba, kuma a san hanya kafin a yi mata gadara. Idan malamin fiziks ya fara darasin gudu da birki daga nan, zai ga hannuwa a sama har daga kujerun baya. Muna kuma roƙon hukumar makaranta ta gayyato jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, su zo taron safe su yi mana bayani. Iyaye ma a tuna musu a taron iyaye da malamai cewa doka ba ta ba da lasin tuƙi sai ga wanda ya kai shekara 18. Makullin da aka miƙa wa ɗan shekara 13 don a huta da aike, wani lokaci hutun ba ya ɗorewa.

Mu kuma 'yan uwa, mu ɗauki ilimin wasan mu bar masa gangancinsa. A cikin waya ka faɗa sau ɗari in ka ga dama, kunkuru zai ɗauko ka. A titi kuwa gwani shi ne wanda ya isa gida. In dole ta sa ka hau babur, kada ka ji kunyar hular kwano. Masu dariyar ba su za su yi jinyarka ba. In an goya ki kuma kika ga mai tuƙin yana neman burge 'yan kallo, ki ce ya tsaya ki sauka, ko da yayanki ne. In kana tsallaka babban titi, ka tuna tirela mai kaya ba ta tsayawa nan take ko direban ya so.

Ga kuma aikin da kulab ɗinmu ya ba kowa, har da malamai in sun yarda. Ka ɗauki falle ɗaya ka zana hanyarka daga ƙofar gida zuwa ƙofar makaranta, kamar yadda ake zana taswirar tsere a gefen allo. Ka sa alama a inda kwana ke ɓoye abin da ke zuwa, da inda rairayi ke taruwa, da inda motocin haya ke tsayawa ba zato, da inda yara ƙanana ke tsallakawa, da inda ruwa ke kwanciya da damina. Mun bar fili a ƙasan wannan rubutu don a liƙa su. Idan sun taru za mu haɗa su wuri guda mu miƙa wa shugaban makaranta, domin wanda ke bin hanya kullum ya fi kowa sanin inda take cizo.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gida lafiya.

Daga 'yan Kulab ɗin Jarida