Gaisuwar da Babu Mai Amsawa

Ɗalibi ɗan Tawa yakan ce wa malaminsa "na tahi", amma idan ya zo rubuta masa imel sai ya rubuta "na tafi". Ba karin harshe kaɗai ke sauyawa ba. A baka, gaisuwa aiki ne na mutum biyu: a tambayi kwana, a tambayi gajiya, a jira amsa. A imel babu mai amsawa nan take, shi ya sa yake dunƙule ta cikin "bayan gaisuwa mai yawa". Rusunawa da sassauta murya ma ba sa fitowa a rubutu, don haka "don Allah" da "Allah ya gafarta malam" ne ke ɗaukar nauyin ladabi. Idan ya bar su, roƙonsa yakan koma umarni a idon malam.