Mu Ne Muka Koya Masa Tsalle

Ƙarfe ɗaya na dare ta gota, mu biyu muna duƙe a kan kwamfuta ɗaya muna farautar wani kuskure a manhajar lissafin albashi. Gari na wayewa ƙarshen wata ne, idan ba mu kama shi ba wasu magidanta za su ga kuɗinsu a gutsure. Duk wanda ya taɓa irin wannan aiki ya san yadda yake: sai ka ɗora abu biyar ko shida a ka lokaci guda, kamar mai tallan ƙwai a cunkoson kasuwa. Wannan adadi daga nan ya fito, ya bi ta can, aka raba shi, aka cire haraji. Mun kusa kama bakin zaren ke nan sai wata 'yar alama a ƙasan allo ta fara tsalle. Ta yi sama, ta dawo, ta sake yin sama.

Muka yi kamar ba mu gani ba. Ba ta daina ba. Da haƙuri ya ƙare muka danna ta, sai ga saƙo: an sabunta manhaja, ku duba sababbin launuka. Muka koma kan aikinmu, muka tarar ƙwan nan duk sun zube. Sai da aka kira assalatu muka sake isa inda muka tsaya.

Abokin aikin namu ya jingina da kujera ya ce, "Malam, don Allah wane marar imani ne ya rubuta wannan abin?"

Babu wanda ya amsa, domin mun san amsar. Manhajar tamu ce. Mu muka rubuta ta watanni kaɗan kafin wannan dare, mu muka koya mata tsallen.

Bari mu faɗa muku yadda ake yi, tunda sirrin gidanmu ne. A kwamfutocin Mac na kamfanin Apple, mai rubuta manhaja yana da hanya biyu ta neman hankalin mutum. Ta farko, alamar manhajar ta yi tsalle na kamar daƙiƙa ɗaya ta zauna. Ta biyu, wadda aka tanada don abin gaggawa, ta yi ta tsalle har sai ka buɗe ta. A Windows ba tsalle ake yi ba, walƙiya ce: alamar ta riƙa ƙyaftawa a layin ƙasa, kuma nan ma mai rubutu ne ke zaɓar ko sau nawa, ko kuwa har sai an kula ta. Bambancin mai ladabi da mai naci bai wuce kalma ɗaya a cikin rubutunmu ba.

Mu kuwa ta biyun muka zaɓa, kuma ba da kuskure ba. An zauna taro aka ce mutane ba sa buɗe manhajar yadda ake so, adadin buɗewa kuma shi ne sikelin da ake auna aikinmu da shi. Muka canza kalmar nan ɗaya, adadi ya hau, aka yaba mana. Babu wanda ya auna abin da mutane suka ajiye kafin su danna.

Abin da ya sa dabarar ke ci shi ne yadda aka halicci ido. Tsakiyarsa ce ke karatu da tantance launi, gefensa kuwa ba ya gani sosai amma ba a fi shi jin motsi ba. Shi ne ke sa manomi ya yi tsalle baya kafin ma ya tabbatar maciji ne ko igiya. Ba da izininka yake aiki ba. Saboda haka idan wani ya ce maka ka daure ka yi watsi da alamar da ke rawa a kusurwar allo, ya ɗora maka abin da ba a hannunka yake ba. Mun san haka tun muna makaranta, da saninmu muka yi amfani da shi.

Ba mu ne farau ba. Waɗanda suka yi aiki da Office 97 za su tuna Clippy, ɗan ƙarfen maƙale takarda mai manyan idanu da kan faɗo yana lanƙwasa jiki, wai ya ga kamar wasiƙa kake rubutawa, ko kana son taimako. Mutane suka tsane shi har Microsoft ta ɓoye shi a Office XP a 2001, ta cire shi ɗungurungum a Office 2007. Haka rubutu mai ƙyaftawa da Netscape ta shigo da shi shafukan intanet na farko, sai a 2013 Firefox ta daina nuna shi. Kowane zamani sai an kori ɗan naci ɗaya, wani ya shigo ta taga da sabuwar riga. Tun tsakiyar shekarun 1990 Mark Weiser da John Seely Brown na cibiyar bincike ta Xerox PARC suka yi kira ga fasaha mai natsuwa, wadda za ta zauna a gefe har sai an neme ta. Mun karanta su don cin jarrabawa, muka fito muka yi akasin haka. Ita kuwa Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, wadda ta shafe shekaru tana auna yadda ma'aikata ke amfani da kwamfuta, ta ruwaito cewa a 2004 mutum kan yi kimanin minti biyu da rabi a kan abu ɗaya a allo kafin ya juya, daga baya ta tarar ya koma kusan daƙiƙa 47. Ba duka laifin ke wuyanmu ba, amma muna da kaso.

To, ga yadda muke kashe su a namu kwamfutocin, tunda abin kunya ne mu ɓoye maganin cutar da muka yaɗa.

A Mac, cikin System Settings, sashen Desktop & Dock, akwai Animate opening applications. Kashe shi na hana tsallen da alama ke yi yayin buɗe manhaja kaɗai, ba ya taɓa tsallen neman hankali. Wannan sai an buɗe Terminal an rubuta:

defaults write com.apple.dock no-bouncing -bool true

sannan a bi shi da killall Dock. Idan aka so dawo da shi, a mayar da true ya zama false. Ku lura cewa maɓallin kashe abin da ya fi damun mutane ba ya cikin saitin da kowa ke gani.

A Windows 11, a shiga Settings, sai Personalization, sai Taskbar, sai Taskbar behaviors, a cire alamar da ke kan Show flashing on taskbar apps. A sashen System kuma akwai Notifications, inda za a bi manhajoji ɗaya bayan ɗaya a rufe bakin waɗanda ba su da abin faɗa, a kunna Do not disturb a lokutan aiki. Wanda motsin allo ke sa wa jiri ko ciwon kai ya duba Accessibility: a Windows ya kashe Animation effects, a Mac ya kunna Reduce motion. Kada a manta da Chrome, domin yawancin sanarwar da ke faɗowa daga kusurwa shafuka ne da aka taɓa danna musu Allow cikin gaggawa. Jerinsu na nan a Site settings, ƙarƙashin Notifications.

Sai dai a yi hattara. Makon da muka kashe komai don fushi, kwamfuta ta yi tsit, muka ji daɗi, har ranar da wani aiki ya tsaya cak tun hantsi yana jiran mu amsa masa tambaya ɗaya, ba mu sani ba sai bayan la'asar. Ashe a cikin masu ihu ɗari akwai ɗaya mai gaskiya, sauran ne suka ja masa. Daga nan muka ɗauki takarda muka rubuta waɗanda aka yarda su katse mu: ƙararrawar da ke nuna sabar ta faɗi, kalandar taro, da kiran gida. Saura duk su jira, mu za mu je mu same su bayan azahar da kuma kafin tashi.

A gidajen da muka taso, baƙo kan tsaya a zaure ya yi sallama. Idan ya yi sau uku ba a amsa ba sai ya juya, ya san masu gida na da uzuri. Yaron da ya tsaya yana dukan ƙyaure don kawai ya nuna sabuwar hularsa, iyayensa ake zagi. Da wannan tarbiyya muka girma, amma da muka zauna gaban allo muka haifi 'ya'yan da ba su da ita, muka aika su ɗakunan mutanen da ba mu taɓa gani ba: akawu mai haɗa lissafi, ɗaliba mai rubuta kundin kammala karatu, ma'aikacin jinya mai shigar da adadin magani.

Ranar Litinin da ta biyo bayan daren nan muka buɗe rubutun manhajar, muka nemo kalmar, muka mayar da ita ta farko. Sanarwar sabuntawa kuwa muka hana ta tsalle gaba ɗaya, ta koma ɗan ɗigo da ke zaune shiru har mai kwamfuta ya waiwayo. Bai ɗauke mu minti biyar ba. A taron ƙarshen wata aka haska adadin buɗewa a bango, ya sauka, aka juyo ana kallonmu. Oga ya ce, "Me ya faru a nan?"

Muka ce, "Ranka ya daɗe, mutane ne suka samu damar gama aikinsu."