Tsakanin Kano da Jidda

Kimanin kilomita 3,400 ne tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda. In aka ja miƙaƙƙen layi a taswira, zai ratsa Chadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya, ya faɗa nahiyar Asiya. Tafiyar awa biyar ce a jirgi. Maniyyaci ya yi sallar asuba a Kano, ya yi la'asar a ƙasa mai tsarki.

Wannan tazarar ce ta ci wa ƙanen kakana shekara bakwai. A ƙasa ya tafi, kamar dubban mahajjatan zamaninsa: ta Borno, ta Darfur, yana noma a nan, yana ƙwadago a can, har ya tara guzurin isa Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa. Da ya sauke farali ya juyo, sai ya yada zango a Mai Wurno, ya yi aure, zango ya zama gida. Jikokinsa na can har yau. Da Hausa mai gauraye da Larabci muke gaisawa ta waya.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023, jin muryarsu ya koma sai an dace. Nan na gane cewa kilomita ba ta auna nisa. Jidda, wadda ke ƙarshen hanya, tafiyar wuni guda ce gare ni. 'Yan'uwana da ke bakin hanyar kuwa sun fi ta nisa.